Kalmar "Accommodation": Yadda Ake Kuskuren Rubuta Ta da Ma'anonin da Take Ɗauke da Su

Gabatarwa

Duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu, babu kalmar Ingilishi da ke yawo a bakin ɗalibai da allunan sanarwa kamar "accommodation". Mai neman gado a hostal ita yake rubutawa, dillalin ɗakunan haya na bayan makaranta ita yake mannawa a jikin katanga, shugabannin ƙungiyar ɗalibai ma da ita suke buɗe takardar kokensu. Abin da na lura da shi shi ne, sau da yawa ana rubuta ta ne da "m" ɗaya, wato "accomodation". Wasu kan jefar da "c" ɗaya su rubuta "acommodation", wasu kuma su sauya wasalin tsakiya su rubuta "accomadation". Duk waɗannan kuskure ne. Daidaitaccen rubutun kalmar yana da haruffa 13, a cikinsu akwai "c" biyu da "m" biyu.

Wani zai ce harafi ɗaya ai ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne, tun da mai karatu ya gane abin da ake nufi. To amma mu ɗaliban harshe ne, kuma gobe mu ne malamai da masu fassara da editoci. Takardar neman aiki da aka rubuta da hannu ba ta da jan layin da kwamfuta ke ja wa mutum a ƙarƙashin kuskure, haka ma takardar jarrabawa. Masu duba insha'in Ingilishi na WAEC da NECO suna da wani kaso na maki da suka ware domin ƙa'idojin rubutu, kuma daga cikinsa ake zaftarewa idan an ɓata kalma. Bayan wannan, akwai kuskuren da ya fi na rubutu illa, wato ɗauka cewa ma'anar kalmar ɗaya ce tak, masauki. A wannan maƙala zan yi bayanin dalilin da ya sa ake yin kuskuren, da asalin kalmar, sannan in bi ma'anoninta ɗaya bayan ɗaya tare da yadda ya kamata a faɗe su da Hausa.

Me Ya Sa Ake Yin Kuskuren?

Dalili na farko yana cikin tsarin sautin Ingilishi. A Hausa idan muka rubuta baƙi biyu a jere, to furta su muke yi, kuma suna bambanta ma'ana. "Baba" daban, "babba" daban. "Daba" wurin zaman 'yan tauri ne ko 'yan iska, "dabba" kuwa mai ƙafa huɗu ce. Haka "kala" da "kalla", da "sala" da "salla". Saboda haka Bahaushe kunnensa ke gaya masa inda zai tagwaita baƙi, kamar yadda mai karatun Larabci ke jin shadda kafin ya sa ta. Ingilishi ba haka yake ba. Bature ba ya jan "m" a cikin "accommodation", sau ɗaya yake furta ta, haka ma "c" ɗin. Sai a wurin da kalmomi biyu ko ɗafi da saiwa suka haɗu, kamar a "bookkeeper" ko "unnamed", ake jin baƙi ya ɗan tsawaita. Ke nan wanda ya dogara da kunnensa a wannan kalma, kunnen ba zai taimake shi ba. Shi ya sa kuskuren bai tsaya ga 'yan Nijeriya kaɗai ba, su kansu 'yan asalin harshen a Ingila da Amurka suna yawan faɗawa cikinsa.

Dalili na biyu shi ne 'yan'uwanta masu kama da ita. Akwai "accomplish" da "accompany", waɗanda dukansu suka fara da "accom", kuma "m" ɗaya gare su. Akwai "accumulate" mai "c" biyu da "m" ɗaya. Ga kuma "recommend" wadda ta juya lamarin, "c" ɗaya da "m" biyu. Idan ido ya saba da waɗannan, sai hannu ya ɗauka cewa kalma ɗaya ba ta ɗaukar tagwayen baƙaƙe sau biyu. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kowace daga cikin kalmomin nan da irin tubalan da aka gina ta da su.

Asalin Kalmar

Kalmar ta fito ne daga aikatau na harshen Latin, "accommodare", kuma idan aka feɗe shi za a sami sassa uku. Na farko ɗafa-goshi ne, "ad", mai ma'anar zuwa ga. Na biyu shi ma ɗafa-goshi ne, "com", mai ma'anar tare da. Na uku shi ne saiwar, "modus", wato awo ko ma'auni. Idan "com" ta haɗu da "modus" sai a sami sifa "commodus", abin da ya zo daidai da awo, wanda ya dace. Daga nan ne "m" biyu suka samu, ɗaya ta ƙarshen ɗafi, ɗaya ta farkon saiwa. Idan kuma aka kawo "ad" aka ɗora a gaba, sai "d" ta rikiɗe ta koma irin baƙin da ke biye da ita, "adc" ta zama "acc". Daga nan ne "c" biyu suka samu.

Wannan rikiɗa ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce muke kira naso a darasin tsarin sauti. Muna rubuta "gidanmu" amma "gidammu" muke furtawa. "Fitar da" takan koma "fid da", "har da" takan koma "had da". A Larabci ma haka lam ɗin "al" ke nashewa a gaban wasu haruffa, shi ya sa muke cewa Abdurrahman da Abdussalam. Bambancin kawai shi ne, Latin ya rubuta nason nasa, Ingilishi kuma ya gaji rubutun ya bar furucin. Wannan "ad" ɗin ce ta rikiɗe a cikin "attract" da "affix" da "announce" da "assist" da "allocate". Haka "com" ta rikiɗe a cikin "collect" da "correct" da "connect".

Da wannan ma'auni sai sauran kalmomin su warware da kansu. "Recommend" daga "re" ne da "commend", babu "d" da za ta nashe, don haka "c" ɗaya. "Accumulate" daga "ad" ne da "cumulus", wato tsibi, babu "com" a cikinta, don haka "m" ɗaya. "Accompany" da "accomplish" kuwa saiwarsu da "p" ta fara, ba da "m" ba.

Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16. A wasan kwaikwayon Shakespeare na Sarki Henry na Huɗu, kashi na biyu, akwai wurin da wasu 'yan wasa biyu suka tsaya suna jinjina wa "accommodated" a matsayin kalmar 'yan gayu, ɗayansu har yana nuna cewa daga Latin ta fito. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya rubuta ta da "c" biyu da "m" biyu. Noah Webster, wanda ƙamus ɗinsa na 1828 ya taimaka wajen sauƙaƙa rubutun kalmomi da dama a Amurka, bai taɓa wannan ba. Saboda haka babu mai fakewa da cewa "m" ɗaya rubutun Amurkawa ne. Wani abin sha'awa shi ne, wasu harsunan da suka fito daga Latin sun rage baƙaƙen. Italiyanci na rubuta "accomodare" da "m" ɗaya, Sifaniyanci na rubuta "acomodar" da "c" ɗaya da "m" ɗaya, Faransanci kuwa ya riƙe duka kamar Ingilishi, "accommoder".

Ga wanda ke son dabarar tunawa, ni abin da nake gaya wa abokan karatuna shi ne su ɗauki kalmar a matsayin gida mai yalwa da ya sauki tagwaye kashi biyu. Hassan da Husaini su ne "cc", Hassana da Usaina su ne "mm". In ka kori ɗaya daga cikinsu, ka raba tagwaye.

Ma'anonin Kalmar

Abin da ya kamata a riƙe shi ne tushen ma'anar, wato daidaita wani abu domin ya dace da wani. Duk ma'anonin da ke tafe rassa ne na wannan tushe.

1. Masauki ko wurin zama

Wannan ce ma'anar da kowa ya sani: ɗaki, ko gida, ko gado a hostal, ko ɗakin otal, har ma da wurin kwana a jirgin ruwa ko na ƙasa. Dangantakarta da tushen ita ce, an tanadi wuri daidai da buƙatar mutum. A nan akwai wata ƙa'idar nahawu da ake yawan takawa. A Ingilishin Birtaniya, wanda shi makarantunmu ke bi, kalmar da wannan ma'ana ba ta ƙirguwa, kamar "furniture" da "luggage". Ana cewa "I am looking for accommodation", ba a sa "an" a gabanta. Amurkawa kuwa sukan yi mata jam'i su ce "accommodations". Wajen fassara ma sai an duba. Na baƙo ko matafiyi shi ne masauki, na ma'aikaci ko iyali gida ne ko muhalli, na ɗalibi kuma wurin kwana.

2. Sasantawa ko daidaitawa

Idan ɓangarori biyu masu saɓani suka zauna, kowa ya sassauta, suka cimma matsayar da za su iya zama da ita, Ingilishi kan ce "they reached an accommodation". A nan kalmar tana ƙirguwa, kuma "an" ta halatta. Wannan ita ce ma'anar da ke kayar da masu fassarar labarai. A ce jarida ta rubuta cewa ƙungiyar ƙwadago da gwamnati "have come to an accommodation", sai mai fassara ya ce sun isa masauki. Mai sauraro zai ɗauka otal suka tafi, alhali yajin aiki ne aka janye. Abin da ya dace a ce shi ne sun sasanta, ko sun daidaita, ko sun cimma matsaya. Daga wannan reshe ne aka sami sifar "accommodating", wato mutum mai sauƙin kai, mai kawaici, wanda ba ya ƙyashin matsawa domin wani ya sami wuri.

3. A ilimin ido

Ɗaliban kimiyya sun san kalmar da wata ma'ana daban. A cikin ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai mai aiki irin na gilashin tabarau, wadda ke tattara haske ta kai shi tantanin da ke can bayan ido. Wata tsoka ce ta kewaye ta, tana riƙe da ita da wasu siraran zaruruwa. Idan mutum na hangen nesa, tsokar takan saki, zaruruwan su miƙe, ƙwayar ta baje. Idan ya dawo da kallonsa kusa, kamar ga littafi, tsokar takan tsuke, zaruruwan su yi sako-sako, ƙwayar ta ƙara kauri. Wannan sauyin shi ake kira "accommodation", da Hausa sai mu ce daidaita gani. Thomas Young na Ingila ya nuna a 1801 cewa sauyin siffar ƙwayar ne ke kawo shi, Hermann von Helmholtz na Jamus kuma ya yi bayanin yadda tsokar ke aiki a 1855. Yayin da shekaru ke ja, ƙwayar takan taurare. Shi ya sa daga wajen shekara 40 zuwa 45 za ka ga mutum yana nesanta takarda da fuskarsa kafin ya iya karantawa, har ya kai ga neman tabarau.

4. A ilimin koyarwa

Duk wanda ya ɗauki darasi a tsangayar ilimi ya ci karo da Jean Piaget, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980. A ra'ayinsa yaro na koyo ne ta hanyoyi biyu masu tafiya tare. Ta farko ita ce "assimilation", inda yaro ke cusa sabon abu cikin sanin da yake da shi. Yaron da ya san akuya, ranar da ya fara ganin tunkiya sai ya ce ga akuya. Ta biyu ita ce "accommodation", inda sabon abin ya ƙi shiga, dole yaron ya gyara sanin nasa. Ya ji kukan ya bambanta, ya ga jelar wannan a sake take ta waccan kuma a ɗage, sai ya buɗe sabon gurbi a ƙwaƙwalwarsa ya sa masa suna tunkiya. A nan sai mu fassara ta da gyara fahimta. A lura cewa "assimilation" ta Piaget ba ita ce ta tsarin sauti ba, wadda muka ce naso, ko da yake kalmar ɗaya ce.

5. A walwalar harshe

Wannan ce ta fi shafar mu kai tsaye. A farkon shekarun 1970, musamman a wani aiki na 1973, masani Howard Giles ya kawo ra'in da ke cewa mai magana yakan sauya salon maganarsa gwargwadon wanda yake magana da shi. Wani lokaci yakan matso kusa da salon abokin maganarsa domin neman karɓuwa ko sauƙaƙa fahimta. Wani lokaci kuma yakan nisanta da gangan domin ya nuna shi daban ne. A wani bincike da Richard Bourhis da Giles suka wallafa a 1977, an sa wani mai Ingilishin 'yan boko ya yi wa masu koyon harshen yankin Wales tambayar raini game da harshen nasu, sai aka ji sun ƙara kaurara lafazinsu na gida wajen ba shi amsa. Nikolas Coupland kuma ya nazarci wata ma'aikaciyar ofishin tafiye-tafiye a birnin Cardiff, ya gano furucinta na sauyawa daidai da irin mutumin da ya zo gabanta.

Mu da ke zaune a kudu ba ma buƙatar zuwa Birtaniya kafin mu ga wannan. A je Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko kasuwar Mile 12 a Legas, a saurari Bahaushe mai tumatir yana ciniki da Bayarbiya. Zai jefa 'yan kalmomin Yarbanci, ya sassauta Hausarsa, ko ya koma Ingilishin buroka, ita ma ta ce masa "aboki, gaskiya nawa?" Kowa ya matso. Haka Basakkwacen da ya daɗe a Kano yakan ajiye "shina" da "awa" ya ɗauki "yana" da "kamar", amma da ya haɗu da ɗan garinsu, ko aka tsokane shi a kan Sakkwatanci, sai karin harshen ya dawo da ƙarfinsa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A wannan fage ina ganin daidaita magana ita ce fassarar da ta fi kusa.

A ilimin ma'ana ma kalmar ta shiga ta hannun masanin falsafa David Lewis a 1979. Idan wanda ba ka sani ba ya ce maka zai je ya ɗauko ƙanwarsa daga tasha, ba ka tsayar da shi ka ce ai bai gaya maka yana da ƙanwa ba. Kakan karɓi zancen ƙanwar a zuci, hira ta ci gaba. Wannan karɓar ita ma sunanta ke nan.

6. A shari'a

A dokokin kare haƙƙin masu buƙata ta musamman akwai abin da ake kira "reasonable accommodation". Ba gida ake nufi ba. Ana nufin gyare-gyaren da makaranta ko ma'aikata za ta yi, gwargwadon hali, domin mai wata nakasa ya yi karatu ko aiki kamar kowa: a yi gangara a gefen matakala domin mai keken guragu, a ba makaho takardar jarrabawa da rubutun makafi ko a ƙara masa lokaci, a samo wa kurma mai fassara da hannu. Dokar Amurka ta 1990 kan masu nakasa ta yi amfani da wannan lafazi, haka ma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006. A Nijeriya, dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a domin su iya shiga. A dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964 kuma akwai "public accommodation", wato wuraren da ke hidima ga kowa, kamar otal da gidan abinci da silima, waɗanda aka haramta musu korar mutum saboda launin fatarsa. Wanda ya fassara wannan da gidajen gwamnati ya yi nisa da gaskiya.

7. A harkar kuɗi

A banki da kasuwanci kalmar na nufin rance ko wani sauƙi da aka yi wa mai buƙatar kuɗi. Akwai kuma "accommodation party", wanda dokar takardun bashi ta Birtaniya ta 1882 ta ambata. Shi ne mutumin da ya sa hannu a takardar bashi ba don ya karɓi ko kwabo ba, sai don ya ara wa wani sunansa a yarda da shi. Da Hausa muna iya cewa wanda ya tsaya wa wani. Idan mai bashin ya gaza, ana iya bin sa, don haka ba sa hannun wasa ba ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa rubutun kalmar da ma'anoninta duk a wuri ɗaya suke ɗaure, wato a asalinta. Wanda ya san "ad" da "com" da "modus" ba zai ƙara jefar da "m" ba, kuma ba zai yi mamakin ganin kalmar a littafin ido ko na shari'a ba. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai guda uku ce. Ta farko, duk kalmar Ingilishi mai tagwayen baƙaƙe da ta rikitar da kai, ka raba ta gida-gida ka nemi ɗafi da saiwa, kamar yadda muke yi a darasin ƙirar kalma. Ta biyu, idan ka buɗe ƙamus kada ka tsaya a ma'ana ta ɗaya, ka karanta har ƙasa, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ta uku, kafin ka fassara "accommodation" ka tambayi kanka, a wannan jimla mene ne ake daidaitawa, kuma da me? In mutum ne da wuri, masauki ne. In ɓangarori biyu ne, sasantawa ce. In ido ne da tazara, daidaita gani ne. In kuwa mai magana ne da mai sauraro, to ka shigo fagenmu na walwalar harshe, kuma ga batun bincike nan a kasuwannin da ke kewaye da mu ga duk mai neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai. Allah ya ƙara mana basira, amin.